Motocin Gudu da Giyar Hannu: Abin da Ya Rage Bayan An Sha Kaye

A watan Maris na 2013, a bajekolin motoci na birnin Geneva, kamfanin Porsche ya yaye labule daga kan sabuwar 911 GT3, motar da masu son tuƙi suka ɗauka tasu ce ta gado, sai ga ta babu kuloci, babu sandar giya. Injiniyoyin kamfanin ba su ɓoye dalilinsu ba: giyabos ɗin PDK, mai canza giya da kansa, ya fi hannun kowane direba sauri, ita kuwa GT3 don filin tsere aka ƙera ta. Babu wanda ya iya ƙaryata lissafin. Amma bayan shekara uku, kamfanin ya fito da 911 R, guda 991 kacal, mai giyar hannu shida, aka yi wawar su nan take, wasu da suka samu kuma suka riƙa sayar da nasu a kan ninkin abin da suka biya. A 2017 giyar hannu ta koma cikin GT3 ɗin kanta. Mai kallo daga waje zai ce taurin kan masu kuɗi ne ya rinjayi ilimin injiniya. A ganina, waɗannan shekaru huɗu su ne lokacin da mu masu wannan sha'awa muka daina fakewa da hujjar aro, wato cewa giyar hannu ta fi gudu, muka fito fili da abin da ke ranmu tun asali: muna son direba ya riƙe rabonsa a cikin aikin tuƙi, ko da agogo ya ce an yi asarar daƙiƙa.

Ita ma hujjar aron ta yi zamaninta, kuma a lokacin gaskiya ce. Motocin farko ba su da abin da ke daidaita juyin haƙoran giya kafin su kama juna, don haka sai direba ya taka kuloci sau biyu, ya ɗan taɓa totur a tsakani, in ba haka ba giyabos ya yi ƙarar da za ta tara masa jama'a. Tsofaffin direbobin manyan motoci har yau sun san wannan aiki. Wani injiniya Ba'amurke, Earl Thompson, shi ya ƙirƙiro zoben da ke yin wannan daidaitawa, Cadillac ta fara sa shi a motocinta a 1928, kuma shi dai Thompson ɗin ne ya jagoranci aikin Hydra-Matic, otomatik na farko da aka yi da yawa, wanda ya fito a Oldsmobile ƙirar 1940. Mutum ɗaya ke nan ya sauƙaƙa giyar hannu, ya kuma haifi kishiyarta. Sai dai kishiyar ta daɗe tana rarrafe. Otomatik na wancan zamani ta cikin mai yake miƙa ƙarfin inji zuwa tayoyi, wani ɓangare na ƙarfin yana ɓacewa a hanya, ga nauyi, ga shan fetur, wasunsu ma, irin Powerglide na Chevrolet, giya biyu ce tak. Saboda haka kusan shekara hamsin, duk wanda yake son gudu dole ya nemi kuloci. Mai sayen Pontiac GTO a 1964 da ya zaɓi giya huɗu a ƙasa, da mai Ferrari da sandarsa ke ratsa farantin ƙarfe mai tsaga-tsaga tana ƙas-ƙas, babu wanda ya tilasta musu su bambance tsakanin son gudu da son aikin hannu, domin a wuri ɗaya ake samun su biyun.

A filin tsere aka fara raba su. A 1989 Ferrari ta shiga gasar Formula 1 da motar da John Barnard ya zana, wadda ake canza mata giya da 'yan maɗannai a bayan sitiyari, Nigel Mansell kuma ya ci tseren farko da ita a Brazil. Motar ta yi ta lalacewa a wannan shekara, amma kowa ya ga inda aka dosa: hannu biyu kan sitiyari a kowace kwana, ga shi babu kuskuren zura giyar da za ta fasa inji. McLaren ta 1991 ita ce ta ƙarshe da ta ci kambin duniya da giyar hannu, kuma a shekarar ce Ayrton Senna, a cikin wannan motar, ya ƙarasa tseren Interlagos giyabos ɗinsa na watsewa, giya ta shida kaɗai ke kama masa, ya ci, aka fito da shi daga mota da ƙyar saboda ciwon kafaɗa. Daga nan abin ya gangaro kan titi. Ferrari F355 ta samu maɗannan a 1997. A 2003 Volkswagen ta sa wa Golf R32 giyabos mai kuloci biyu, ɗaya na kula da giya ta 1 da 3 da 5, ɗaya na kula da 2 da 4 da 6, ta yadda giya ta gaba tana riga ta shiga tana jira, canjin ba ya kai ƙiftawar ido. Porsche, wadda ta gwada irin wannan dabara a motocin tserenta tun shekarun 1980, ta kawo ta cikin 911 a 2008. Kafin a ankara Ferrari ta bar giyar hannu gaba ɗaya, Lamborghini ta rufe babin da Gallardo, Corvette ƙirar 2020 ta zo babu kuloci. A Amurka, motocin giyar hannu ba sa kai kashi 2 cikin 100 na sababbin da ake sayarwa. Mujallar Car and Driver ta fara yekuwar ceto giyar hannu tun 2010, alamar cewa masu harkar sun hango abin tun da sauran rana.

To me ya rage bayan an sha wannan kaye? Abin da direba yake yi da jikinsa. A dubi mutumin da ya tunkaro kwana da gudu a giya ta huɗu. Yatsun ƙafarsa ta dama na kan birki, ƙafar hagu ta taka kuloci, gefen ƙafar daman ya ɗan lasa totur don inji ya ɗaga zuwa daidai juyin da giya ta uku ke buƙata, hannu ya zura sanda, ƙafar hagu ta saki. In ya dace, motar ba ta ko girgiza ba, nauyinta na zaune a kan tayoyin gaba yadda yake so. In ya kuskure da kaɗan, za ta yi masa tsalle ko tayoyin baya su yi ƙugi, kuma ba shi da wanda zai ɗora wa laifi. Kafin duk wannan ma, sai da idonsa ya karanta kwanar tun daga nesa, kunnensa ya auna inji, ya yanke shawarar giyar da zai fita da ita. Kwamfutar giyabos tana yin wannan aiki fiye da shi, kullum, ba ta gajiya. Amma fasahar da ba a iya kuskure a cikinta ba a iya gwaninta a cikinta, kuma gwanintar nan ita ce abin da ake nema. Mota ta daɗe da raba doki da aikin kai mutum gari, amma mahayin da ya ja linzami ya tsayar da ingarma cik a gaban sarki ranar hawan Sallah, babu mai tambayarsa me ya sa bai zo da abin da ya fi sauri ba.

Wannan ne kuma ya bayyana son tsofaffin motocin gudu, wanda ake yawan ɗauka begen ƙuruciya ne kawai. Begen yana nan, ba a musu. Sai dai a duba waɗanda aka fi nema, za a ga abin da ya haɗa su na ƙira ne. Peugeot 205 GTI ta 1984 ba ta kai kilo 900 ba. BMW M3 ta farko, ta 1986, an yi ta ne don dokar tsere ta ce sai kamfani ya ƙera guda 5,000 na titi kafin a bar shi ya shiga gasa da motar, don haka mai saye kayan tsere yake saya da lambar titi. Porsche 911 mai sanyaya inji da iska ta ƙare a 1998, kuma daga baya darajarta ta yi ta hawa. Honda S2000 ta 1999 injinta na kai juyi 9,000 a minti, ba a taɓa yin ta da otomatik ba. Dukkansu marasa nauyi ne in aka gwada su da na yau, sitiyarinsu na gaya wa tafin hannu abin da taya ke takawa, injinsu na amsa totur nan take. Motar gudu ta yanzu ta fi su komai a takarda, amma ƙarfinta ya kai inda direba ba zai ji ta tana aiki ba sai a gudun da zai kai shi kurkuku ko kabari. Tsohuwar kuwa tana magana da shi tun a kilomita 60. Za a ce tsofaffin nan ba su da kariya, da yawansu babu jakar iska, babu birkin da ke hana taya kullewa, hayaƙinsu ya fi yawa. Haka ne, kuma wanda ya ce ƙarfen wancan zamanin ya fi na yanzu tsare rai ƙarya yake yi. Babu mai hankalin da ke neman a mayar da iyali cikin motar 1984. Abin da ake nema shi ne masu ƙera mota su gane cewa rashin nauyi da jin hanya ba su ne suka sa tsofaffin ke da haɗari ba, ana iya riƙe su tare da kariyar zamani.

Suka mafi ƙarfi ita ce ta kuɗi. Ferrari 599 mai giyar hannu kusan 30 kawai aka yi, kuma ana sayar da su ninkin 'yan uwansu masu maɗannai. Kamfanin Singer na California, wanda Rob Dickinson ya kafa a 2009, yana karɓar tsohuwar 911 ya sake gina ta a kan kuɗin da zai sayi gidaje. Gordon Murray, wanda ya zana McLaren F1, ya yi T.50 guda 100 da giyar hannu shida, Pagani ta sa giyar hannu a Utopia, Aston Martin ta yi Valour. Mai suka zai ce wannan ba son tuƙi ba ne, kasuwar kayan tarihi ce, motocin ma a rufe suke cikin gareji kada mil ɗinsu ya ƙaru. A kan wasu masu sayen, gaskiyarsa ce, kuma babu wanda abin ya fi ɓata wa rai kamar masu tuƙin gaske, waɗanda aka kora daga kasuwar motocin da suka girma suna mafarkinsu. Amma labarin 911 R da kansa ya raba gardamar. Da Porsche ta fito da GT3 Touring a ƙarshen 2017, mai kusan irin injin da giyar, kuma ba a ƙayyade yawanta ba, sai farashin 911 R ya sauko, Touring kuwa ta yi ta samun masu saye. Ashe ƙarancin ne ke jan 'yan kasuwa, giyar ce ke jan direbobi. Sannan ga Mazda MX-5, ƙaramar mota marar ƙarfin a zo a gani, wadda ta fito a 1989 ta kuma cika miliyan ɗaya a 2016. Yawancin masu sayenta ba don ajiya ko don su tsere wa kowa suke saya ba.

Mai karatu a Kano ko Zinder yana da tasa sukar, kuma ta fi ta Turawa kaifi. A wajenmu giyar hannu ta ɗan tasi ce da direban haya, wahala ce da ake fatan a rabu da ita, wanda Allah ya buɗa wa kuwa otomatik yake nema. Duk wanda ya yini yana taka kuloci cikin cunkoson Kantin Kwari ba ya buƙatar a yi masa wa'azi kan daɗin sandar giya. Wannan gaskiya ce, kuma a Turai ma haka abin ya daɗe, giyar hannu ita ce ta talaka. Sha'awa ba ta tsirowa sai inda tilas ya kau. Duk da haka ba baƙi ba ne mu a wannan tarihi. A 1975, shekarar da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara aiki, Ove Andersson ya ci gasar Safari ta Kenya da Peugeot 504, motar da Kaduna ta shafe shekaru tana haɗawa. Direbobin da suka yi zamani da ita a dogayen hanyoyin Arewa, masu sanin giyar da za a shiga yashi da ita da wadda za a hau tudu da lodi, masu gane ciwon inji da kunne kafin bakanike ya buɗe bonet, irin gwanintar da ake biyan miliyoyi a yau don a ɗanɗana ita suke yi, sai dai su don neman abinci.

Barazanar yanzu ba daga ɗanɗanon masu saye take zuwa ba sosai, daga doka da lissafin masana'anta take. Kowane giyabos sai an yi masa gwajin hayaƙi da na ƙara daban, otomatik mai giya takwas kuma ya fi iya cin jarrabawar, don kwamfuta ce ke zaɓar giyar. A 2021 saura kaɗan a hana sayar da sabuwar GT3 mai giyar hannu a California saboda wata tsohuwar hanyar auna ƙara, kafin a sasanta. Volkswagen ta cire giyar hannu daga Golf GTI bayan 2024. Motar lantarki kuwa yawancinta giya ɗaya ce, babu abin canzawa. Hyundai ta sa wa Ioniq 5 N giyar kwaikwayo, da ƙarar inji ta lasifika da 'yar girgiza a kowane canji, kuma waɗanda suka tuƙa ta da yawa sun yaba. Wannan ya nuna kamfanoni sun ji kukan, amma giyar da za a iya kashewa da maɓalli ba ta ɗora wa direba nauyin komai, nauyin kuwa shi ne asalin abin. Shi ya sa motocin da ya kamata masu wannan sha'awa su fi tsaya wa su ne masu araha da har yanzu ake yi da kuloci, irin MX-5 da Toyota GR86 da Honda Civic Type R. Ita ma Supra, Toyota ta mayar mata da giyar hannu a 2022 bayan matsin masu saye. A cikin irinsu ne ɗan shekara ashirin zai iya koyon aikin, ya kashe mota a mararraba, ya sake tayar da ita. A Ingila, wanda ya ci jarrabawar tuƙi da otomatik lasisinsa bai ba shi damar tuƙa mai giyar hannu ba, kuma masu zaɓar wannan hanya ƙaruwa suke yi kowace shekara.