Gandun Dajin Yankari da Tarihin Zuwa Kallon Namun Daji

Gandun dajin Yankari, wanda yake cikin Ƙaramar Hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi, yana da faɗin murabba'in kilomita 2,244, kuma shi ne wurin da ya fi zuwa a ran mutanen Nijeriya idan ana batun safari, wato tafiyar da ake shiryawa takanas domin a je a ga namun daji a inda suke rayuwa. Mai shirin irin wannan tafiya a yau yakan tambayi watan da ya fi dacewa, da hanyar da zai bi, da wurin kwana, da sa'o'in da ake fita zagaye, yana ɗauka cewa waɗannan tsare-tsare ne da hukumar gandun ta zauna ta ƙirƙira, alhali kuwa kusan kowannensu yana da tushe a cikin sanin da maharba suka yi wa dajin tun kafin a shata masa iyaka, da kuma dokokin da Turawan mulkin mallaka suka zo da su daga baya.

Dajin da baƙo yake gani kamar ba a taɓa sa masa gatari ba, a da ƙasar mutane ce. A cikinsa akwai kogunan dutse 59 da aka sassaƙa da hannu a jikin wani tsauni na dutsen yashi, kowanne da ƙaramar ƙofa da ɗaki a ciki, waɗanda ake kira Kogunan Marshall da sunan Baturen da ya ba da rahotonsu a shekarar 1980, kuma ana ganin cewa mafaka ce da mutane suka yi wa kansu a zamanin yaƙe-yaƙe da harin kamen bayi. Akwai kuma rijiyoyin Dukkey, sama da 130, da aka haƙa kusa da juna aka haɗa su ta ƙarƙashin ƙasa domin tara ruwa, sannan a wajen Ampara da Shaushau har yanzu ana ganin ragowar matoyar tama, wato murhun yumɓu mai tsawo da ake narka dutsen ƙarfe a cikinsa kafin ya kai hannun maƙeri. Narkar da tama sana'a ce mai cin gawayi ainun, saboda haka yawan waɗannan matoya shaida ce cewa an sari itatuwan wannan daji sosai a wani zamani, kuma marke da kawo da ƙirya da suke tsaye a yau sun tsiro ne a kan kufai. Fiye da shekara ɗari ke nan babu gari a tsakiyar dajin, kuma cikin abubuwan da suka tsare shi daga komowar jama'a akwai tsando, ƙudan nan da cizonsa yake sa wa shanu ciwon sammore, wanda ya sa makiyaya suka daɗe suna kauce wa kwarin kogin Gaji.

Waɗanda ba su rabu da dajin ba su ne maharba. A ƙasar Bauchi, kamar sauran ƙasashen Hausa da maƙwabtansu, farauta sana'a ce mai shugabanci, akwai Sarkin Baka da yake jagorantar masu kwari da baka, akwai dafin da ake haɗawa da 'ya'yan ƙwanƙwani a shafa wa kibiya, akwai kuma sango, wato mashi mai dafi da ake cusawa a bakin bindiga domin harbin giwa. Abin da ya fi makami muhimmanci ga maharbi shi ne sanin lokaci da wuri, domin ya san cewa da damina ciyawar gamba tana shanye mutum har ya ɓace a cikinta, ruwa kuma yana ko'ina, don haka dabbobi sukan warwatsu, amma idan rani ya tsananta tafkuna suka ƙafe, dole kowace dabba ta gangaro mashaya da sassafe ko da la'asar sakaliya. Wannan sani ne mai ziyara ya gada ba tare da ya san daga inda ya fito ba.

Al'adar zuwa daji domin nishaɗi kuwa daga gabashin Afirka ta samo sunanta da fasalinta. A farkon ƙarni na 20 attajiran Turai da Amurka sukan sauka a Kenya su ɗauki ɗaruruwan 'yan dako su shiga daji harbin manyan dabbobi, kuma tafiyar da tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya yi a shekarar 1909, wadda aka tara dubban dabbobi a cikinta domin gidan tarihi, ita ce ta ƙara baza sunan safari a duniya. Da ɓarnar ta yi yawa, sai gwamnatocin mulkin mallaka suka koma maganar kiyayewa, aka yi yarjejeniyar Landan ta 1933 wadda ta ƙarfafa keɓe dazuzzuka, aka kuma kafa gandun Nairobi a 1946 da na Serengeti a 1951, inda kyamara ta soma maye gurbin bindiga. A Nijeriya tun 1916 aka kafa dokar kare namun daji wadda ta sa sharaɗin lasisi a kan harbin wasu dabbobi, doka ce kuma da ta fi sauƙi ga jami'in Bature mai kuɗin lasisi a kan maharbin da ya gaji sana'ar daga kakansa. Daga nan ne aka soma kiran mai tsohuwar sana'a ɓarawon daji.

Kafa Yankari aikin gwamnatin Jihar Arewa ne a shekarun da 'yan ƙasa suka soma riƙe muƙaman minista. Ana danganta ƙwazon farko ga Alhaji Muhammadu Ngileruma, ministan da yake kula da albarkatun ƙasa, wanda ya ga wani gandun namun daji a Sudan ya dawo da sha'awar a yi irinsa a Arewa. A 1956 gwamnati ta amince da keɓe wurin, a 1957 aka mai da shi gandun daji a ƙarƙashin Hukumar En'e ta Bauchi, wato mulkin gargajiya na sarki da majalisarsa kamar yadda Turawa suka tsara shi, sannan a ranar 1 ga Disamba, 1962 aka buɗe shi ga masu ziyara. Zaɓen wurin bai zo da wahala ba, tun da babu garuruwan da za a tasa a tsakiyarsa, ga dabbobi da yawa, ga kuma kogin da ba ya ƙafewa.

Kogin Gaji shi ne ƙashin bayan Yankari, domin ya ratsa gandun ya raba shi biyu, kuma maɓuɓɓugai ne suke ciyar da shi, shi ya sa yake da ruwa ko a tsakiyar bazara. Ruwan sama a yankin yakan fara ne a watan Mayu ya ɗauke a Satumba, kuma abin da yake sauka a shekara bai cika wuce milimita 1,000 ba. Saboda haka lokacin da aka fi ganin dabbobi shi ne daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta bushe ko gobarar daji ta cinye ta, ganye ya kaɗe, garkunan ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza suka dawo fadamar Gaji, giwaye kuma suka riƙa saukowa shan ruwa. Abin lura shi ne cewa wannan shi ne lokacin da zafi ya fi tsanani, kuma yawancin masu ziyara sun fi son zuwa a hutun ƙarshen shekara, lokacin hunturu, inda sanyi yake da daɗi amma ciyawa ba ta gama kwantawa ba, ƙurar iska kuma tana rage gani, sai su koma gida suna cewa babu komai a Yankari sai birai. Fita zagaye sau biyu a rana, da safe da kuma yamma, a cikin buɗaɗɗiyar mota tare da ɗan jagora, bin sa'o'in mashaya ne kamar yadda maharbi yake yi, kuma ɗan jagoran da ya ƙware yakan tsai da mota ya duba sawu da kashin giwa a kan hanya, ya faɗi ko garken ya wuce da daddare ne ko kuwa yanzu-yanzu.

Abin da ya bambanta Yankari da gandayen gabashin Afirka shi ne maɓuɓɓugar Wikki, wadda ruwanta mai ɗumi yake fitowa daga ƙarƙashin wani tsaunin dutse, zafinsa yana tsaye a wajen digiri 31 dare da rana, rani da damina, yana kuma zubar da kimanin lita miliyan 21 a kowace rana zuwa cikin Gaji. Ruwan garau yake har ana ganin farin yashin da ke ƙasansa, kuma a samansa aka gina sansanin baƙi, mai nisan kimanin kilomita 42 daga babbar ƙofar shiga da ke ƙauyen Mainamaji, wadda ake isa gare ta idan an ratse daga hanyar Bauchi zuwa Gombe a Dindima. Da yawa daga cikin 'yan makaranta da ma'aikatan da suke cika wurin a lokacin hutu wanka ne ya kawo su, kallon dabbobi kuwa ƙari ne. Zaman mutane a sansanin na tsawon shekaru ya sauya halin wasu dabbobin, domin gadu yakan yi kiwo a gaban ɗakuna ba tare da tsoro ba, gogo kuwa, wato babban birin nan mai doguwar fuska, ya koyi murɗa hannun ƙofa da fizge leda daga hannun mai tafiya, har ya zama gargaɗin farko da ma'aikata suke yi wa baƙo shi ne ya kulle ɗakinsa ya kuma ɓoye abincinsa.

Riƙon gandun ya sha sauya hannu. Daga gwamnatin Arewa ya koma hannun Jihar Arewa maso Gabas bayan 1967, sannan Jihar Bauchi daga 1976, a 1991 kuma gwamnatin soja ta mai da shi gandun ƙasa da doka mai lamba 36, kafin a mayar wa Jihar Bauchi da shi a 2006. A tsawon wannan lokaci dabbobin sun ragu. Annobar bushiya, ciwon shanu da ya ratsa Nijeriya a farkon shekarun 1980, ta kashe ɓauna masu yawa, raƙumin dawa da rabbi da kyarkeci sun ɓace daga dajin, giwayen da aka ƙiyasta sun haura 300 a tsakiyar shekarun 2000 kuma suka koma tsakanin 100 da 150 saboda masu neman haure. Zakin da ya rage a Yankari yana cikin 'yan kaɗan da suka saura a Afirka ta Yamma baki ɗaya, kuma mai ziyara ya fi kusa da jin rurinsa cikin dare a kan ya gan shi da ido. Daga 2014 ƙungiyar Wildlife Conservation Society ta shiga aikin sintiri tare da gwamnatin jihar, aka ɗaura wa wasu giwaye na'urar da tauraron ɗan'adam yake bin sawunta, kisan giwa kuma ya ragu ƙwarai.

Matsalar da ba ta warware ba ita ce ta maƙwabta. Ƙauyukan ƙasar Duguri da Pali da Gwana sun ƙaru, gonaki sun matso har bakin iyaka, burtalin da shanu suke bi ya ƙuntata, don haka makiyayi yakan kutsa cikin gandun neman ciyawa da rani, giwa kuma takan fito da kaka ta cinye gonar dawa a dare ɗaya, manomin da aka hana shi harbi ba ya samun diyyar da za ta mayar masa da abincin shekara. Masu gadin dajin, waɗanda da yawansu 'ya'yan waɗannan ƙauyuka ne, wasu ma daga gidajen maharba suka fito, su ne suke tsakiya, kuma an rasa rayukan wasunsu a arangama da masu farautar sata. Wannan ne ya sa shirin zuwa Yankari a 'yan shekarun nan ya ƙunshi wata tambaya da masu ziyarar 1962 ba su san da ita ba, domin bayan an tsai da wata an kama ɗaki, sai kuma an tuntuɓi hukumar gandun a kan lafiyar hanya da sassan dajin da aka yarda mota ta shiga.