Stevia: ganyen da ya fi sukari zaƙi

Stevia wani ɗan tsiro ne da asalinsa ke kan iyakar Paraguay da Brazil, inda ƙabilar Guarani suka daɗe suna jefa ganyensa cikin shayinsu. Abin da ake tacewa daga ganyen ya ninka sukari zaƙi sau 200 zuwa 300, kuma ba ya ƙara yawan sukari a jini.

Japan ta fara sayar da shi a 1971. Amurka ta amince da tataccensa a 2008, Tarayyar Turai kuma a 2011. Sin ce ke kan gaba wajen nomansa, amma ƙananan manoma a Paraguay da Kenya ma sun rungume shi.

Nomansa na son haƙuri. Irinsa ba ya tsira sosai, saboda haka akan yanko reshe ne a dasa. Yana son danshi kullum, amma idan ruwa ya kwanta saiwarsa kan ruɓe. Ana yankan ganyen dab da fitar fure, lokacin da zaƙinsa ya kai matuƙa, a shanya shi nan da nan, sannan tushen ya sake tofowa.

Babbar matsalar ita ce kasuwa. Manomi ba ya iya tace ganyen da kansa, sai ya dogara ga kamfanin da zai saya. Ga shi kuma yanzu wasu kamfanoni na haɗa irin wannan zaƙin a masana'anta da yis, ba tare da ganye ko ɗaya ba.