Tabon da ke ɓoye cikin ciki bayan tiyata

A Katsina idan aka ce an yi wa wance aiki, 'yan dubiya ɗinkin waje suke tambaya: ya bushe? Amma matar da aka ciro wa jariri a Asibitin Turai, ko yaron da taifot ta huda wa hanji aka garzaya da shi Asibitin Koyarwa na Tarayya, akwai wani tabon a can ciki da ido ba ya kaiwa.

Duk inda wuƙa ta taɓa, jiki kan fitar da wani abu mai danƙo, fibrin, don ya rufe raunin. In bai narke ba cikin kwana biyar zuwa bakwai, sai ya yi tauri, ya liƙe hanji da hanji ko da mahaifa. Bayan shekaru sai ga toshewar hanji, ko ciwon mara, ko haihuwa ta tsaya, a yi ta neman dalili a wani wurin. Wannan shi ya fi ci mini rai.

Tun 1872 wani likitan Landan, Thomas Bryant, ya ba da rahoton matar da irin wannan liƙewar ta kashe. Daga nan likitoci suka shiga gwaje-gwajen abin da zai hana liƙewar: man zaitun, fallen azurfa, har tantanin cikin shanu. Babu wanda ya biya buƙata. A 1999 binciken Harold Ellis da abokan aikinsa a Sukotilan ya bi mutum 29,790 tsawon shekara 10, ya gano wajen ɗaya cikin uku an sake kwantar da su kan matsalar da ake dangantawa da liƙewar.

Amurka ta amince da fallen Interceed, wanda ake shimfiɗawa a ciki don hana liƙewar, a 1989, sai Seprafilm a 1996. Falle kuwa yana da wuyar shimfiɗawa a lungunan ciki, shi ya sa aka koma ga jel, mai yauƙi kamar miyar kuɓewa. Intergel ya fito a 2001, aka janye shi a 2003 bayan rahotannin illa.

Yanzu ana cusa wa jel ɗin maganin kumburi ko na narkar da fibrin, ya riƙa sakinsa sannu a hankali a makon farko bayan tiyata, sannan ya narke. Yawancinsu har yau a kan ɓeraye da zomaye ake gwada su. Kafin su iso, likitanmu da hannunsa ya dogara: ya taɓa hanji a hankali, ya tsayar da jini, ya wanke hodar safar hannu kafin ya shiga cikin.