Tarihin Wuya da Tsirkiyar Babban Gogen Turawa

A cikin dangin gogen Turawa akwai wani babba da ake kira dabul-bes, wanda tsawonsa ya kai na namiji tsayayye. A tsaye ake kaɗa shi, ko kuwa a zaune bisa doguwar kujera. Asalinsa daga ƙasar Italiya ne, a ƙarni na 16, kuma ɗaya daga cikin masassaƙan farko da suka yi suna wajen ƙera shi shi ne Gasparo da Salo na birnin Baresha, wanda ya rasu a shekarar 1609.

Kafin a shiga tarihin, ya kamata mai karatu ya lura da wani bambanci. Mai gogen Hausa ba ya danne tsirkiya a kan itace, taɓa ta kawai yake yi da yatsu tana rataye a iska. Shi kuwa mai dabul-bes dole ne ya danne ta har ta kwanta bisa wani dogon allo na baƙin katako, ɗan'uwan icen kanya, wanda aka manne a kan wuyan. Saboda haka ratar da ke tsakanin tsirkiya da wannan allo ita ce ke nuna wahalar da makaɗi zai sha, kuma ita ce ke fara tona asiri idan wuyan ya sami matsala.

A zamanin farko da hanjin tumaki ake murza tsirkiyoyin. Masu kauri ne, kuma idan an goga su suna lilo da faɗi, don haka sai an ɗaga su sama sosai, in ba haka ba su riƙa dukan allon. Wajen shekarar 1660 aka fara naɗe tsirkiyar hanji da siririyar wayar ƙarfe a Italiya, amma wannan bai kawar da wahalar ba. Domenico Dragonetti, mutumin birnin Banis da ya koma Landan a 1794, da goge mai tsirkiya 3 ya yi suna, kuma an ruwaito cewa tsirkiyoyinsa sun yi sama ƙwarai, ƙarfin yatsunsa ne ya sa yake iya sarrafa su. Bayan rasuwarsa a 1846 aka mayar da gogen nasa majami'ar San Marko ta Banis, inda ya taɓa aiki.

Daga ƙarshen ƙarni na 18, da ɗakunan kiɗa suka ƙara girma, aka nemi amo mai ƙarfi. Masassaƙa suka shiga cire tsofaffin wuyoyi suna dasa sababbi, suna karkata su baya, suna kuma tura gindin wuyan cikin ramin da aka sassaƙa a wani guntun katako da ke cikin gogen. Sai dai sukan yanke tsohon kan mai nannaɗe su dasa shi bisa sabon wuya, don girmama wanda ya sassaƙa shi. Wannan ne ya sa da wuya a sami tsohon goge da wuyansa na asali.

A Amurka, makaɗan jaz na birnin New Orleans irin su Pops Foster sun bar tsirkiya a sama da gangan, suna fizgo ta su sake ta ta mari allo, don a ji su a cikin ƙarar kakaki da ganguna. Da na'urar ƙara murya ta samu, sai irin su Scott LaFaro, wanda ya rasu a 1961, suka sauke ta ƙasa don yatsu su yi sauri. A shekarun 1950 kuma tsirkiyar ƙarfe ta bazu. Tana kwantawa kusa da allo, wajen milimita 5 zuwa 10 a ƙarshensa, amma jan da guda 4 ke yi wa wuya ya wuce nauyin kilo 100, dare da rana. Tsofaffin gogunan da aka ƙera don hanji da dama sun jigata a wannan lokaci.

Daga nan ne binciken tashin tsirkiya ya zama ilimi mai zaman kansa a wurin masu gyara. Abin da suke fara tambaya shi ne lokacin shekara. A nan ma abin ya saɓa da namu: da damina fatar goge takan saki, jaki ya nutse, sai makaɗi ya gasa ta a rana ko a bakin wuta. Shi kuwa katakon dabul-bes kumbura yake yi idan ya sha laima, ƙirjinsa ya taso da jakin, tsirkiya ta yi sama, in iska ta bushe ta koma. Wannan ba ciwo ba ne, kuma saboda shi ne aka ƙirƙiro ƙananan ƙusoshin murɗawa a ƙafafun jakin.

Idan kuwa lokaci ya juya tsirkiya ba ta sauka ba, ko ta tashi a cikin 'yan kwanaki, to a dubi wuya. Mai gyara yakan ɗora miƙaƙƙen ƙarfe bisa allon. Ɗan lotsawa kaɗan a tsakiya da gangan aka yi shi, amma idan ya yi yawa, wuyan ya lanƙwashe, sau da yawa don an yi ta fere allon har ya sirance, ko don gam ya sake shi. Sannan ya duba gindin wuya: idan takarda ta shiga tsakaninsa da jikin gogen, ko an ga tsaga a dunduniyar wuyan ko a ɗan kunnen katakon baya da ke riƙe ta, to wuyan ne ke faɗowa gaba. Nan take ake sassauta tsirkiyoyi, amma ba gaba ɗaya ba, don kada ɗan sandan da ke tokare da ƙirji daga ciki ya faɗi. Italiyawa suna kiran wannan sanda da sunan rai.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a rage tsawon jaki a ce an gyara. Yatsu sukan huta na wata ɗaya ko biyu, alhali wuyan yana ci gaba da tsinkewa, har ran da zai ɓalle ya tafi da wani yanki na bayan gogen. Wasu kuma sukan zura ƙusa ko su zuba gam na zamani wanda ba ya narkewa. Masu gyara na gaskiya har yau da gam ɗin da ake dafawa daga fatar dabba suke aiki, irin na zamanin Gasparo, domin ruwan zafi yana sake shi, wanda zai zo bayan shekara 100 ya iya cire wuyan ba tare da ya fasa katakon ba.