Yadda giyar kwalba ta tare a Sabon Gari

Fagge ta girmi Sabon Gari da ɗaruruwan shekaru. Tun kafin zuwan Turawa zango ce a wajen ganuwa, inda ayarin Buzaye daga Azbin ke sauke gishiri da dabino. Baƙo ya saba sauka a wannan gefen na Kano, shi ya sa da jirgin ƙasa ya iso a 1911, nan ɗin aka sake duba wa sababbin baƙi masauki.

Sai dai baƙin jirgi sun zo da abin da fatake ba su taɓa ɗorawa a raƙumi ba, wato giyar kwalba, kuma doka ta riga ta isowa. A taron Brussels na 1890 ƙasashen Turai suka amince a hana shigar da barasa yankunan Afirka da ba su saba da ita ba. Gwamna Lugga ya riƙe wannan da ƙarfi a Arewa, domin ya san sarautar da yake son yin mulki ta hannunta ba za ta lamunci mashaya a cikin birni ba. Aka hana sayar wa ɗan ƙasa giyar da aka shigo da ita, aka bar wa Bature tasa a bariki. Saura akawu da ma'aikacin jirgi daga Legas, Saliyo da Gwalkwas: su ba Turawa ba, su ba talakawan Sarki ba. A 1913 aka yanka musu Sabon Gari, ƙarƙashin Joji, ba alkali ba. A ganina nan aka ja layin da Kano ke bi har yau, kuma da gangan aka ja shi.

Faransawa kuwa ta hanyar gyaɗa suka shigo. Kamfanin CFAO, wanda aka kafa a Marseille a 1887, da takwaransa SCOA sun buɗe kantuna a Kano suna sayen gyaɗa da fatu, kusa da Kwarorin da suka zauna a Fagge ta Kudu, inda Kantin Kwari yake yanzu. A ƙasar Faransa giyar inabi abokiyar abinci ce, kuma kowace da garinta. Ta Bordeaux daban, ta Bourgogne daban, kuma tun 1935 doka ta tsare sunan kowane yanki, har da irin inabin da za a shuka a cikinsa. Ja ta fi tafiya da jan nama, fara da kifi, cuku ma kowane da wadda ake haɗa shi da ita.

Wannan al'ada ba ta kama ƙasa a Kano ba. Inabinta ba a nan ake noma shi ba, kwalbar na da tsada, zafi na lalata ta, ga kuma haramcin addini wanda ya fi duk waɗannan nauyi. Ta tsaya a teburin Turawa da na wasu Kwarori Kirista. Abin da ya cika mashayun Sabon Gari shi ne burkutu da fito na dawa, daga baya kuma giyar masana'anta, bayan Star ta fara fitowa daga Legas a 1949. Abincin da ke raka ta farfesu ne da gasasshen kifi da tsire. Bakano kuwa yana da nasa tsarin: fura da nono da rana tsaka, kunun tsamiya da ƙosai a buɗa-baki, zoɓo bayan shinkafa.

An mayar da Sabon Gari hannun En'e a 1940, yau ma tana cikin ƙaramar hukumar Fagge, amma mashayun ba su tashi ba. Kano ta ƙaddamar da Shari'a a 2000, aka kafa Hukumar Hisba da doka a 2003. A Nuwamban 2013 hukumar ta farfasa kwalaben giya kusan 240,000 a bainar jama'a, yawancinsu an kama su ne a motocin da ke shigowa da su gari.