Daga Lissafin Haraji Zuwa Dutsen In Ekker

Duk wanda ya tashi daga Tamanrasset ya nufi arewa, da zarar ya wuce In Amguel zai hango dutsen Taourirt Tan Afella, kusa da In Ekker. A cikin wannan dutse ne Faransa ta gwada bam ɗin nukiliya sau 13, daga Nuwamba 1961 zuwa Fabrairu 1966. Mai karatu zai ce, to me ya haɗa wannan da injin lissafi? Bari mu koma baya.

A 1642 wani matashi Bafaranshe, Blaise Pascal, ya ga yadda lissafin haraji yake wahalar da mahaifinsa a birnin Rouen. Sai ya ƙera masa wani akwati mai ƙafafun ƙarfe, kowace da lambobi goma. Idan ƙafa ɗaya ta gama zagaye, sai ta tura maƙwabciyarta taki ɗaya, kamar yadda ɗalibi yake cewa "na riƙe ɗaya". Tarawa da ɗebewa ne aikinsa. Daga baya Leibniz na Jamus ya ƙera nasa mai ninkawa da rabawa. A 1820 Thomas de Colmar ya yi rajistar nasa injin, wanda ya shiga kasuwa daga 1851, bankuna da kamfanonin inshora suka rungume shi.

Sai yaƙi ya karɓi injin. A 1943, a Los Alamos ta Amurka, an zaunar da mata, da yawansu matan masana kimiyyar ne, gaban injinan Marchant da Friden. Kowace ta yi mataki ɗaya na lissafi, ta miƙa wa ta gaba. Idan inji ya cije, Richard Feynman yana cikin masu kwance shi su gyara. Da taimakon wannan lissafi aka tayar da bam na farko a 1945. Wasu ƙasashe suka bi sahu, Faransa ta tayar da nata a Reggane a 1960, sannan ta iso nan.

Ranar 1 ga Mayu 1962, a gwajin da suka kira Béryl, ramin ya kasa riƙe ƙarfin fashewar. Ƙura mai guba ta ɓalle ta sauka a kan sojoji, har da ministoci biyu, Pierre Messmer da Gaston Palewski, iska kuma ta kwashe ta zuwa cikin hamada inda makiyaya suke kiwo. An lissafa ƙarfin bam tun kafin a tayar da shi, amma ba a san ainihin adadin mutanen da ƙurar ta shafa ba. Har yau Aljeriya tana neman Faransa ta ba ta taswirar wuraren da aka binne sharar, domin a tsabtace ƙasar.