Ranajit Bandyopadhyay: masanin da ya haɗa funfuna faɗa da funfuna

Mai karatu, ka taɓa buɗe buhun gujiya ko na masara ka tarar da tsabar ta yi kore-kore, tana warin rima? Wannan ita ce funfuna, wadda wasu ke ce wa hunhuna. Wata irinta, mai suna Aspergillus flavus, tana zuba guba a cikin abinci. Sunan gubar afalatoksin. Ga labarin wani masani da ya shafe shekaru yana yaƙi da ita.

Wace illa gubar take yi?

An gano ta ne bayan shekarar 1960, lokacin da talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila saboda cin tunkuzar gujiya da ta gurɓace. A 2004 kuma, mutum 125 suka rasu a Kenya bayan sun ci masara mai gubar. Wanda yake cin ta kaɗan-kaɗan shekara da shekaru yana iya kamuwa da sankarar hanta. Gubar ba ta da launi, kuma dafuwa ko suya ba su kashe ta. In saniya ta ci, takan fito a cikin nononta.

Wane ne shi?

Ranajit Bandyopadhyay ɗan ƙasar Indiya ne, masanin cututtukan shuka. Ya yi fiye da shekara 20 yana binciken cututtukan dawa a cibiyar ICRISAT, wadda take da reshe a Sadore, kusa da Yamai. A 2002 ya koma cibiyar IITA da ke Ibadan a Nijeriya. A can ne ya maida hankali ga afalatoksin.

Wace dabara ya bi?

Wani masani na Amurka, Peter Cotty, ya riga ya nuna cewa funfunar nan ba duka ta taru ta zama ɗaya ba. A cikin danginta akwai mai guba, akwai marar guba. In marar guba ta riga shiga gona ta kama wuri, mai guba ba ta samun inda za ta yaɗu. An fara amfani da wannan dabara a gonakin auduga na Amurka.

Bandyopadhyay da Cotty da abokan aikinsu suka ce: Afirka ma tana da nata irin. Suka tattara funfuna daga gonakin Nijeriya, suka auna su ɗaya bayan ɗaya, suka zaɓi iri 4 marasa guba. Da su aka haɗa maganin da ake kira Aflasafe, wanda hukumar Nijeriya ta yi wa cikakkiyar rajista a 2014. Daga baya ƙasashe kamar Kenya, Senegal, Gana da Burkina Faso suka samu nasu, wanda aka haɗa da funfunar yankinsu.

Yaya maganin yake aiki?

Ana gasa tsabar dawa don kada ta tsira, a shafa mata funfuna marar guba, a rina ta da shuɗi don kada wani ya ɗauka abinci ce. Manomi yana watsa kilo 10 a hekta guda, mako 2 zuwa 3 kafin shuka ta yi fure. Da tsabar ta samu laima, sai funfunar ta tashi ta bazu cikin gona. Gwajin da aka yi a gonakin manoma ya nuna gubar tana raguwa da kashi 80 cikin 100, wani lokaci ma fiye.

Amfanin bai tsaya ga lafiya kaɗai ba. Ƙasashen Turai ba su karɓar gujiyar da gubarta ta wuce ƙa'ida, saboda haka tsabta ita ce take buɗe ƙofar kasuwa.

Me za ka yi a gidanka?

Ko maganin bai iso garinku ba, akwai abin da ke hannunka:

1. Ka cire gujiya da zarar ta nuna. Fari a ƙarshen damina yana ƙara haɗarin gubar.
2. Ka shanya amfanin gona bisa tabarma ko leda, ba bisa ƙasa ba, har ya bushe sarai.
3. Ka tsince tsabar da ta fashe, ta yamutse ko ta sake launi. Kada a yi ƙuli-ƙuli da ita, kada a ba kaji ko bisashe.
4. Ka aza buhuna bisa katako, nesa da bango, cikin ɗaki mai iska da ba ya yoyo.

In kana son sanin ko ana samun maganin a yankinku, tambayi malamin gona. Ka karanta wa maƙwabtanka wannan bayani, musamman matan da suke sana'ar mai da ƙuli-ƙuli, domin abin da suka tsince suka zubar yau shi ne ba zai shiga cikin yara ba gobe.